Ina Lokacin Yaran Shagonmu Ke Tafiya?

Kowane ɗan kasuwa a Sabon Garin Maraɗi ya san adadin buhunan da ke shagonsa, haka nan kowace mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta san tiya nawa ta gyaɗa ta auno. To amma idan aka tambaye mu awa nawa yaranmu suka yi a kan aikin wane, nawa kuma a kan na wance, sai mu yi shiru. Alhali kuwa lokacin ma'aikaci shi ma haja ce da muke biya, ko da albashi, ko da kuɗin abinci, ko da ɗinkin Salla.

Wannan matsala ba ta tsaya a kanmu kaɗai ba, har masu binciken ilimi ta shafa. A nan Maraɗi muna da cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, da kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka kafa a 2010. Irin waɗannan wurare a ko'ina cikin duniya sukan gudanar da shirye-shirye da dama a lokaci guda, kowanne da mai ba shi kuɗi, kuma sau da yawa ƙwararrun kwamfuta biyu ko uku ne ke yi wa dukkansu hidima. Da safe mutum yana gyara wa masu binciken gero manhaja, da rana yana tsara wa masu binciken wake alƙalumansu. Idan wata ya ƙare, wane shiri ne zai ɗauki nauyin albashinsa?

Maganin da suka samo shi ne takardar lokaci, inda kowa ke rubuta awowin da ya ba kowane aiki. Tarayyar Turai, a shirinta na bincike mai suna Horizon 2020 da ya gudana daga 2014 zuwa 2020, ta amince a ɗauki awa 1,720 a matsayin shekarar aiki, ta kuma sharɗanta wa mai aiki a shiri fiye da ɗaya ya rubuta awowinsa kafin a biya. Da wannan takarda ake gane shirin da ke cinye lokacin mutane fiye da kuɗin da yake kawowa.

Kada mai karatu ya ɗauka abin baƙo ne a wurinmu. Kakanninmu na Tibiri da Jiratawa sun daɗe da raba lokacin noma, wani na gandu, wani na gamana, domin kowa ya san inda haƙƙin maigida ya tsaya da inda nasa ya fara. Rubutu ne kawai ba su yi ba.

Bari mu yi lissafi. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako, wato kusan awa 173 a wata. A farkon 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42. Idan muka raba, kowace awa ta tashi kusan dala 48, wato sefa 240 ke nan. A ce tela ya karɓi riga a jika biyu, yaronsa ya yi awa shida a kanta. Sefa 1,440 ta tafi a ƙwadago tun ba a yi maganar zare da wuta da haya ba. Idan kuma mai rigar ya dawo sau biyu a rage masa hannu, to telan ya yi aikin baban giwa, shi kuma yana can yana zaton ciniki na tafiya. Haka mai soya ƙuli-ƙuli da ke lissafa gyaɗa da itace da kuɗin niƙa, ta manta da yinin da ita da 'ya'yanta suka yi a gaban murhu.

Ba sai da kwamfuta za a yi wannan aiki ba. Littafin 'yan makaranta ya isa, a ja layi huɗu: rana, sunan ma'aikaci, aikin da ya yi, da tsawon lokaci. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami, ko ya ja ƙarfe-ƙarfe. Ba a buƙatar ƙirga minti, a raba yini gida uku, safe zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, la'asar zuwa magariba. Sharaɗi dai a rubuta a ranar, domin abin da aka bari sai Juma'a ya zama kintace. A kuma buɗe wa aike-aike da zaman jiran wuta nasu gurbin, saboda a nan ne yawancin lokaci ke sulalewa.

Sai dai muna jan kunnen iyayen gida, kada littafin ya zama bulala. Duk yaron da ya ga ana neman kama shi ne, to zai rubuta abin da maigida ke son gani, lissafin ya lalace. A bayyana masa cewa shi ma kariya ce gare shi, domin daren da ya kwana yana ɗinkin anko yana nan a rubuce, ranar biya ba gardama. A 2019 ma Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa tilas ne masu ɗaukar ma'aikata su riƙa rubuta awowin aiki na kullum, kuma ƙungiyar ƙwadago ce ta kai ƙarar, ba masu kamfani ba.

Shawararmu ita ce a gwada na wata guda. Idan wata ya cika a zauna da yaran a duba littafin tare, aikin da ke cin lokaci a ƙara masa farashi ko a haƙura da shi, wanda ya yi fiye da ƙima kuma a ba shi haƙƙinsa. Allah Ya sa wa kasuwa albarka.