Taron bita na kamfanonin injuna: wa ya kamata ya biya kuɗin shiga?

Bayan matsalar wutar lantarki, babu abin da ke tayar wa mai masana'anta hankali a Sharada, Challawa ko Bompai kamar inji ya tsaya a rasa mai tayar da shi. Injunan zuba roba, na jimar fata da na casar shinkafa da ake shigowa da su a yanzu suna tafe da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Makanikin da ya yi shekara ashirin yana aiki da sifana da kunnensa zai iya tsayawa gaban allo ya kasa gane abin da lambobin ke nufi. Daga nan sai jiran injiniya daga Legas, wani lokaci daga Sin ko Indiya, ma'aikata na zaune, kwanaki na tafiya.

Wannan ne ya sa dillalan injuna da na kayan sola ke kiran taron bita don koya wa masu gyara yadda kayansu ke aiki. Wasu na yin sa kyauta, wasu kuma sai an yanki tikiti. Shin ya dace mai sayar da kaya ya karɓi kuɗi a hannun wanda ya zo koyon gyaran kayan nasa?

Muhawarar ta daɗe a tsakanin masu rubuta manhaja. Har zuwa 2019, kamfanin Apple yana karɓar dala 1,599 daga duk wanda zai halarci taronsa na shekara-shekara a Amurka, kuma sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya samu gurbi. A canjin yau kuɗin ya haura naira miliyan biyu. Masu suka sun riƙa cewa waɗannan mutanen ne ke cika wayar iPhone da manhajojin da ke sa a saye ta, kuma kamfanin yana yankar kasonsa a cinikinsu. Da annobar korona ta zo a 2020, sai aka mayar da taron intanet, kyauta, aka kuma ci gaba da yaɗa darussan ba tare da an biya ba. Kamfanin bai karye ba.

Lissafin bai bambanta ba a Kano. Mai masana'antar roba a Sharada idan zai sayi sabon inji, yakan fara tambayar ko akwai mai gyaransa a gari da kuma inda ake samun kayan gyara. Duk makanikin da dillali ya horar ya zama ɗan tallansa, domin gobe idan aka nemi shawararsa, injin da ya sani zai ambata. Saboda haka taron bitar dillali talla ce, ko da an sa mata rigar makaranta, kuma a kasuwa mai kaya ne ke biyan kuɗin talla. A jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira 71,000 tun 2024, tikitin da ya cinye rabin albashin wata zai hana ainihin masu taɓa injin shiga, ya bar kujerun ga manajoji.

Masu karɓar kuɗin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Hayar zaure, man janareta, abinci da jigilar malami duk kuɗi ne. Akwai kuma wata ɗabi'a da kowa ya sani: da zarar an ce bita kyauta, sai zaure ya cika da masu neman takardar shaida da kuɗin mota, wasu ma su rubuta suna ba su zo ba, wanda ke da buƙata ta gaske ya rasa wuri. Amma maganin wannan bai kai ga tsawwala kuɗi ba. Ana iya karɓar ɗan abin kama kujera a mayar wa mutum idan ya halarta, ko a nemi wasiƙa daga masana'antar da yake aiki.

Ya kamata a bambance irin wannan taro da wanda mai shirya shi ba ya sayar da komai. Bajekolin ƙasa da ƙasa da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa a filin titin gidan zu misali ne: ƙungiyar ba ta da injin sayarwa, don haka dole ta nemi kuɗin gudanarwa daga masu rumfuna da sauran hanyoyi. Haka ma horo mai zurfi na makonni, wanda ake yin jarrabawa a ba da shaidar da ake iya neman aiki da ita a ko'ina. Wannan karatu ne, kuma biyan kuɗinsa ba laifi ba ne.

Ko a nan ɗin ma, ba aljihun ma'aikaci ya kamata a duba ba. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF, inda kamfanoni ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara, kuma doka ta ba su damar karɓo wani ɓangare idan sun horar da ma'aikatansu. Wanda wannan tsari bai rufe ba shi ne makaniki mai zaman kansa, wanda ke yawo da jakar kayan aiki daga Bompai zuwa Challawa, da kuma ɗaliban kwalejojin fasaha masu zuwa sanin makamar aiki. Su ne suka fi buƙatar a buɗe musu ƙofa.

Masu masana'antu na da ƙarfin da ba kasafai suke amfani da shi ba. Ta hanyar ƙungiyarsu ta MAN, ko ma kowa a kan kansa, za su iya sanya sharaɗi a yarjejeniyar sayen inji cewa dillali zai horar da mutane kaza kyauta a nan Kano, ya ba da littafin gyara cikin harshen da ake iya karantawa, ya kuma miƙa lambobin sirrin buɗe kwamfutar injin kafin a biya shi cikon kuɗinsa.