Ba Kujerunki Aka Zo Gani Ba

Makon jiya na leƙa gidan wata maƙwabciyata, na tarar ana ta shigo da kujerun aro daga gidan yayarta, ga mai fenti a kan tsani. Na ce, "Maman gida, biki za a yi ba mu ji ba?" Ta ce a'a, jami'an ma'aikatar mata ne za su zo duba gida. Shekararsu 11 da aure Allah bai ba su haihuwa ba, shi ne suka nemi riƙon yaro daga gidan marayu, kuma an gaya mata in ba a ga dukiya ba, ba za a ba su ba. Ana wannan hidima, ga rijiya a tsakar gida, murfinta wani tsohon kwanon rufi da iska ma ke ɗagawa. Ba wanda ya ko kalle ta.

Wannan magana ta "sai mai kuɗi ake ba yaro" ta ishe ni, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ziyarar dai sananniya ce: kafin hukuma ta damƙa wa mutum maraya ko tsintaccen yaro, sai jami'in walwalar jama'a ya zo ya ga inda yaron zai zauna, ya rubuta rahoto. To, me yake nema? Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya, ta shekarar 2003, ta yi maganar shekaru: mai nema ya kai 25, ya kuma girmi yaron da aƙalla shekara 21. Ta yi maganar takardar aure, da shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, da yardar miji ko mata. Kowace jiha tana da tata dokar, Kano ma ta samu tata a 2023, don haka ƙa'idojin kan ɗan bambanta. Amma a batun dukiya, mai albashi kaɗan da tuwon gidansa ba ya yankewa ya cika sharaɗin ciyarwa. Eh, za a tambayi sana'arka da abin da kake samu, domin yaro zai ci, zai yi makaranta, zai yi zazzaɓi. Tambayar ita ce ko za ka iya ɗaukar nauyinsa shekara da shekaru. Kujerar da za a mayar jibi ba ta amsa wannan tambaya. Jami'ar da ta shiga gidaje masu yawa kuwa ta san warin sabon fenti, ta san kujerar da ta fi ƙarfin ɗaki. Ranar da ta dawo ba sanarwa ta tarar da tabarma, abin da za ta riƙe shi ne mutanen gidan nan sun yi mata ƙarya, kuma mai ƙarya a kan kujera zai iya yi a kan yaro.

Ɓarnar jita-jitar ba ta tsaya a aron kaya ba. Wanda ya yarda cewa ƙofar hukuma ta masu hali ce, sai ya bi ta bayan gida. Wata ta haɗa baki da ungozoma ko ma'aikaciyar asibiti, ta yi wata da watanni tana tura tsumma a ciki, ta yi tafiya, ta dawo da jariri a yi suna. Jama'a, mu ji tsoron Allah! Wa ya gaya miki uwar jaririn nan ba tana can tana kuka ba? Mun manta da 2019, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace a Kano aka kai su Anambra, aka sauya musu suna? Mai sayen yaro shi ke raya kasuwar ɓarawon yaro, kuma safarar mutane laifi ne da hukumar NAPTIP ke kai mutum kotu a kansa. Gorin dangi da jinkirin ofis suna da nasu kason a wannan ɓarna, ban musa ba.

In kuna jiran ziyarar, ku fara da mutanen gida kafin bango. Maigida ya yarda da zuciya ɗaya, ko kuwa kukanki ya gaji da ji? In akwai abokiyar zama, an shawarce ta? Hajiya fa, mahaifiyarsa? Ana iya keɓe kowa a tambaye shi, a kuma tambayi mai unguwa da maƙwabta. Yaro ba a ɗakin uwar riƙonsa kaɗai zai tashi ba. A tsakar gida zai tashi, inda wata za ta iya ce masa "tsintacce" ranar da ya fasa mata kofi. In akwai mai adawa, ku faɗa wa jami'ar da bakinku, ku faɗi yadda kuke shirin bi da abin. Yaran gida ma a gaya musu tun yanzu.

Sai ku zauna da malami. Musulunci ya kwaɗaitar da riƙon maraya, amma ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Suratul Ahzab ta yi bayanin haka, kuma Zaidu ɗan Harisa da ya tashi a hannun Manzon Allah (SAW) da sunan mahaifinsa aka koma kiransa. Ɗan riƙo ba ya gado, sai dai a yi masa kyauta tun ana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. In jariri ne, shayarwa a cikin shekara biyun farko tana sa muharramaka. In jami'a ta ce, "Baba, in ka faɗi ka mutu gobe, ina yaron nan zai zauna?" kada ka tsaya ga "Allah na nan". Allah na nan, amma 'yan'uwanka ma suna nan, kuma mun san yadda rabon gado ke ƙarewa.

Haka tambayar yaushe za ku gaya masa asalinsa. Masu cewa "har abada ba zai sani ba" suna manta cewa unguwa gaba ɗaya ta sani. Gara ya ji daga bakin wadda ta goye shi, a hankali tun yana ƙarami, da ya ji a filin ƙwallo.

Takardu a haɗa su wuri ɗaya: ta aure, ta haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, hotuna, sakamakon asibiti. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ɓoye; ya nuna yana shan magani. A nuna inda yaro zai kwana, da gidan sauro. A ɗauke kalanzir da fiya-fiya da magunguna daga inda hannu zai kai, a gyara wayar wutar da ta zazzago, a rufe bakin masai. Ku ma ku yi tambaya: tarihin lafiyar yaron, allurar rigakafin da aka yi masa, da ko an nemi danginsa an rasa. Duk kuɗin da aka ce ku biya, ku karɓi rasit. Ku kuma sa a ranku cewa za a sake dawowa bayan an ba ku shi, domin a dokar tarayya sai yaro ya yi aƙalla wata uku a hannunku kafin kotu ta yanke hukunci.

Maƙwabciyata ta ƙi mayar da kujerun, wai kunyar yayarta take ji. Amma jiya na ga mai walda ya zo ya auna bakin rijiyar.