Albishir da Alfijir: Tarihin Jaridun Hausa na Birnin Kano

Duk mai nazarin jaridun Hausa da Zariya yake farawa, domin a can aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Wannan daidai ne. Sai dai ɗalibin da ya tsaya a nan ba zai fahimci wata matsala da ta daɗe tana damun aikin jarida a ƙasar Hausa ba, wato da wane rubutu za a isar wa jama'a labari, boko ko ajami. Babu inda wannan matsala ta fito fili kamar birnin Kano, kuma babu jaridun da suka nuna ta kamar Albishir da Alfijir.

Masu karatu kafin zuwan jarida

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, birnin cike yake da masu karatu. Akwai makarantun allo a kusan kowace unguwa, akwai zaurukan ilimi irin na Madabo, sannan 'yan kasuwar Kurmi suna rubuta wasiƙu da lissafin bashi da haruffan Larabci. Shi kuwa boko, a wajen ganuwa ya sauka. A Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Romawa. Saboda haka lokacin da jarida ta zo da boko, sai ta tarar da ɗimbin malamai da almajirai da fatake a cikin birni waɗanda suka iya karatu sarai, amma ba irin nata ba. A ƙididdigar hukuma irin waɗannan mutane sukan faɗa cikin sahun jahilai, wanda kuwa kuskure ne babba da ya kamata malamin Hausa ya guje wa maimaita shi a gaban ɗalibansa.

A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna domin waɗanda suka fito daga ajin manya su sami abin karantawa. Ta Kano ita ce Sodangi, ta Katsina Himma, ta Sakkwato Zaruma, ta Zazzau kuma Bazazzaga. Lardin Barno ma yana da tasa mai suna Albishir, don haka kada ɗalibi ya rikita ta da ta Kano wadda ta zo daga baya. Da aka rushe hukumar a 1959, sai waɗannan jaridu suka bi ta.

Kafuwar Kamfanin Triumph

A watan Oktoba na 1979 Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya zama gwamnan Jihar Kano. A lokacin, manyan kafofin watsa labarai na Arewa, wato jaridar New Nigerian da 'yar'uwarta Gaskiya Ta Fi Kwabo da Rediyon Kaduna, duk suna hannun gwamnatin tarayya, wadda jam'iyyar NPN ke riƙe da ita. Gwamnatin da ke adawa da tarayya kuwa tana bukatar bakin da za ta yi magana da shi. Wannan ne ya sa aka kafa Kamfanin Triumph a 1980, aka kuma raɗa wa gidansa sunan Malam Sa'adu Zungur, marubucin waƙoƙi kuma ɗan gwagwarmayar siyasa wanda ya rasu a 1958. Zaɓen wannan suna kaɗai ya isa ya nuna alƙiblar da jaridun suka fuskanta.

Kamfanin ya fara da jaridar Ingilishi, sannan a farkon shekarun 1980 ya fito da jaridun Hausa guda biyu masu fitowa mako-mako: Albishir da rubutun boko, Alfijir da rubutun ajami. Ya kamata a haɗa wannan da wani aiki na gwamnatin, wato Hukumar Ilimin Manya da ta kafa a 1980, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Wanda ya koyi boko a ajin yamma yana da Albishir, wanda kuma karatunsa na allo ne yana da Alfijir.

Kusancin kamfanin da gwamnati bai zo masa da sauƙi ba. A ranar 10 ga Yuli, 1981, tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Alhaji Ado Bayero. A ranar aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa, aka kuma kai hari a kan gine-ginen gwamnati, ciki har da gidan Rediyon Kano da na Triumph.

Abin da Alfijir ta koya mana

A wajen mai nazarin harshe, Alfijir ta fi jan hankali. Da hannu ake rubuta shafukanta kafin a ɗauki hotonsu a buga, domin ajamin da mutanen birni suka saba da shi yana bin salon rubutun Alƙur'ani na ruwayar Warshu, kuma na'urorin buga Larabci na wancan lokaci ba su da wasu alamominsa. Misali, akwai ɗigon imala da ake sa wa ƙarƙashin baƙi don nuna wasalin "e", akwai kuma harafin da aka keɓe wa sautin "ts".

Kowane rubutu yana da inda ya fi ɗan'uwansa. Ajami yana nuna tsawon wasali ta hanyar alif da wawu da ya, abin da boko na yau da kullum ba ya yi. A boko, "gari" na mazauni da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne, sai jimla ta raba gardama, amma a ajami alif zai bambanta su tun daga gaɓar farko. A ɗaya ɓangaren kuma, marubutan ajami da yawa suna amfani da rufu'a ga wasulan "o" da "u" duka, kuma ba a taɓa yi masa daidaitacciyar ƙa'ida da kowa ya yarda da ita kamar yadda aka yi wa boko ba. To, jarida tana cike da sunayen ƙasashe da jam'iyyu da ma'aikatu, irin kalmomin da waƙoƙin wa'azi da wasiƙun fatake ba su saba ɗauka ba. Dole mai rubutun Alfijir ya yanke wa kansa shawarar yadda zai rubuta su, mako bayan mako. Ta haka ne ajami ya shiga fagen labaran duniya.

Me ya hana su zama na kullum?

Triumph ta Ingilishi ta zama jaridar kullum, amma 'yan'uwanta na Hausa sun tsaya a mako-mako. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Masu ba da talla, wato bankuna da manyan kamfanoni da ma'aikatu, jaridar Ingilishi suka fi kai wa kuɗinsu. Takardar bugu daga waje ake shigo da mafi yawanta, kuma ta yi tsada ƙwarai bayan faɗuwar darajar naira daga 1986. Ga kuma al'adar karatun aro: kwafi ɗaya zai zagaya majalisa guda a ƙofar gida, mutum ɗaya yana karantawa saura suna saurare, masu karatu da yawa amma ciniki kaɗan. Uwa-uba rediyo, wanda Bakano ya riga ya saba da shi. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki tun 1957, sannan a 2003 Freedom Radio ta buɗe a Kano, ta zo da shirye-shiryen siyasa masu zafi waɗanda jaridar gwamnati ba ta iya gogayya da su.

Jaridar da ba ta iya ciyar da kanta kuwa, rayuwarta tana hannun mai ba ta tallafi. Kowace gwamnati da ta hau, ta soja ko ta farar hula, takan canza shugabannin kamfanin, kuma muryar jaridun takan canza tare da su. A 2012 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta rufe Kamfanin Triumph, sai gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje, wadda ta hau a 2015, ta sake buɗe shi daga baya. A tsakanin nan masu karatun Hausa sun riga sun koma ga Aminiya, wadda kamfanin Media Trust ya fara bugawa a 2006, da kuma shafukan intanet da ake karantawa a wayar hannu, kusan dukkansu da rubutun boko.