Ɗalibin Ƙasar Yawuri da Jarrabawar Tsaron Kwamfuta

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shafe tsibiran Gungawa, aka tashi dubban jama'a zuwa sababbin matsugunai, arzikin ƙasar Yawuri bai gushe ba yana rataye ga su da fito da noman shinkafa da albasa. Sai dai a 'yan shekarun nan kuɗin da ake samu daga waɗannan sana'o'i sun bar lalita sun koma cikin waya, har ya zama dillalin kifi a kasuwar Yelwa yakan sallami kaya bisa ga saƙon banki, bai taɓa takardar naira ko guda ba. Inda dukiya ta koma kuwa, can ɓarawo yake binta: ya bugo waya da lafazi mai daɗi, ya ce daga banki yake, ya nemi lambar BVN da lambar sirrin da aka turo yanzu-yanzu. Domin haka ne Nijeriya ta kafa dokar laifuffukan intanet a 2015 da ta kare bayanan jama'a a 2023, bankuna da ma'aikatu suka shiga neman masu tsaron kwamfuta, samarin Yelwa da Wara da Shanga da suka sauke karatu a jami'ar Aliero ko kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi suka ɗaura niyyar neman takardun shaidar wannan fanni.

Waɗannan takardu ijaza ce ta zamani, kamfanonin Amurka ke bayar da ita ga wanda ya ci jarrabawarsu. CompTIA na da A+ ta mai farawa, wadda ake zama biyu kafin a same ta, da Network+, da Security+. Cisco na da CCNA, mai lamba 200-301, ta minti 120 a kan dala 300. CISSP kuwa, ta ƙungiyar ISC2, ba ta cika ga mutum sai ya yi shekara biyar a bakin aiki, saboda haka sabon ɗalibi ya kawar da kai daga gare ta tukuna. Kuɗin zama Security+ ya haura dala 400, wanda ya faɗi kuma sai ya sake biya daga farko. Wanda ya juya wannan lissafi zuwa naira, ya auna shi da buhunan shinkafar da mahaifinsa zai kai kasuwa, zai fahimci cewa cin jarrabawar a zama guda lalura ce.

Wajibi na farko shi ne ɗalibi ya sauko da manhajar jarrabawar, wadda kamfanin ke bayarwa kyauta, ya mai da ita matanin da kowane littafi da kowane darasin bidiyo suke yi wa sharhi. Security+ mai lamba SY0-701, da aka fitar a Nuwamban 2023, babi biyar ce. Babin gudanar da tsaro na yau da kullum ya ɗauki kashi 28 cikin ɗari, na muƙaddimar fannin kuwa 12 kacal, amma galibi za ka tarar ɗalibi ya ƙarar da ƙarfinsa a kan muƙaddima, domin ita ce a farkon littafi kuma ita ce mai sauƙi. Littafi ɗaya da malami ɗaya sun wadatar. Tara littattafai biyar a cikin waya, a ganina, kasala ce da ta yi shigar himma.

Babban al'amarin yana ga yadda ake riƙe abin da aka karanta. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa a 1885 cewa mantuwa ta fi ɓarna a sa'o'in farko bayan koyo, sa'an nan ta lafa, kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama guda. A 2006 kuma Roediger da Karpicke, na jami'ar Washington da ke St. Louis, suka ba ɗalibai nassi, waɗansu suka yi ta maimaita karanta shi, waɗansu aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaici ne a gaba, amma da mako ya kewayo sai masu tunowa suka tsere musu. Alarammomin ƙasar Hausa, waɗanda ba su taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikin mutanen nan ba, a kan wannan ƙa'ida suka gina tsangaya tun kaka da kakanni: almajiri ba ya wanke allo sai ya kife shi ya kawo haddarsa da ka a gaban malam, kuma abin da ya haddace bara bai tsira daga tilawar dare ba, domin sun san hadda da ba a kewaya ta zubewa take yi. To, mai neman Security+ da ya taɓa zama gaban allo ba shi da uzurin jahiltar hanya. Ya karanta fasali guda, ya rufe littafin, ya rubuta da ka bambancin ɓoye saƙo da mabuɗi ɗaya da ɓoye shi da mabuɗi biyu, ko ya jero ƙofofin sadarwa, 22 ta SSH, 53 ta DNS, 443 ta HTTPS. Ya buɗe ya ga inda ya yi tuntuɓe. Ya koma wa wannan wurin gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako. Sa'a guda bayan Asuba kowace rana ta fi kwana zaune a daren Asabar, ko da yake nafsi ya fi son na biyun, domin idon da ke bin layi yana ruɗin mai shi cewa ya iya.

Sai aiki da hannu, wanda hadda ba ta isar masa. Packet Tracer na Cisco kyauta ne, yana ba ɗalibi damar haɗa na'urorin sadarwa na kwaikwayo a kan tsohuwar kwamfuta, kuma da zarar an sauko da shi ba ya cin data. Da VirtualBox kuma zai girka Kali Linux ya gwada Nmap da Wireshark a kan na'urarsa ta kansa, ban da ta maƙwabci, domin dokar 2015 ba ta san ɗalibi ba. Rarraba adireshi, wanda ke kayar da masu CCNA da yawa, lissafi ne da ake yi da alƙalami kullum har mutum ya ga /24 ya san kwamfuta 254 ke nan, ya ga /26 ya ce 62, ba tare da ƙirga yatsu ba.

Akwai masu sayar da tambayoyin da aka sato daga ɗakin jarrabawa, suna tallarsu da sunan gajeriyar hanya. Wannan ha'inci ne a shari'a, kamfanonin kuma suna soke takardar wanda suka kama. Wanda bai shiga hannu ba kuwa yakan tonu ran da aka zaunar da shi gaban na'ura a wurin neman aiki aka ce bismilla.

Ranar zama tana da nata fiƙihu. Security+ tambaya ce da ba ta wuce 90 cikin minti 90, ana neman maki 750 a ma'aunin da ya tsaya a 900, tambayoyin aikin hannu kuma sukan zo a farko su cinye lokaci, don haka a yi musu alama a dawo musu daga baya. A CCNA babu wannan rangwame, tambayar da aka wuce ta wuce. Pearson VUE, mai gudanar da jarrabawar, ya halatta a zauna ta a gida, da sharaɗin ɗaki shiru wanda ba mai shiga, da kyamara, da intanet da ba ya yankewa. Amma mutumin Yelwa, wanda ke kwana a bakin tafkin da ke juya injunan megawat 760, ya fi kowa sanin cewa maƙwabtaka da Kainji ba ta lamunce masa wutar sa'a biyu a jere ba. In ba shi da sola da layin da ya jarraba ya amince da shi, gara ya ƙara kuɗin mota a cikin lissafinsa, ya bi ta Kwantagora zuwa cibiyar jarrabawa a Abuja, ya isa tun ana gobe, da shaidar kansa iri biyu waɗanda sunan da ke jikinsu ya dace harafi da harafi da wanda ya yi rajista da shi.