Jingar Rubutu a Intanet: Wa Ke Biya, Nawa Yake Biya?

A watan Maris na 2013, wata edita a mujallar The Atlantic ta Amurka ta aika wa Nate Thayer saƙon imel. Thayer tsohon hannu ne a aikin jarida, shi ne ya kutsa dajin Kambodiya a 1997 ya yi hira da tsohon mai mulkin ƙasar, Pol Pot. Editar ta karanta wani dogon rahoto da ya rubuta kan ziyarar ɗan wasan ƙwallon kwando Dennis Rodman zuwa Koriya ta Arewa, tana so ya taƙaita shi zuwa kalma 1,200 su buga a shafinsu. Da ya tambayi nawa za a biya, sai ta ce babu ko sisi, amma fa mutum miliyan 13 ke karanta su duk wata. Thayer ya amsa cewa shekara 25 ke nan da rubutu yake ciyar da 'ya'yansa, sannan ya kwashe saƙonnin duka ya wallafa su duniya ta gani.

Shekara biyu kafin haka, a Fabrairun 2011, kamfanin AOL ya sayi jaridar intanet ta Huffington Post a kan dala miliyan 315. Dubban marubutan da suka yi shekaru suna cika mata shafi kyauta ba su ga ko kwabo ba. Wasu suka garzaya kotu ƙarƙashin jagorancin Jonathan Tasini suna neman dala miliyan 105. A 2012 alƙali ya kori ƙarar, ya ce tun farko sun san ba biyansu za a yi ba, kuma babu wanda ya tilasta musu.

Kuɗi dai akwai shi a harkar rubutun intanet. Abin tambaya shi ne hannun wa yake tsayawa. Matashin da ke zaune a Kaduna ko Maraɗi da kwamfuta a cinya, yana neman aikin jinga daga ƙetare, cikin wannan kasuwa yake shiga, kuma ta ƙofar da ta fi cunkoso yakan fara.

Ƙofar ita ce manyan dandalin haɗa mai aiki da ma'aikaci. Fiverr, wanda aka kafa a Tel Aviv a 2010, ya fara ne da sayar da kowane aiki a kan dala 5, kuma yana yankar kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ma'aikaci. Freelancer.com na Ostireliya yana karɓar kashi 10. Upwork, wanda ya samu daga haɗewar Elance da oDesk ya kuma ɗauki wannan suna a 2015, ya daɗe yana karɓar kashi 20 a kan kuɗin farko, ya koma kashi 10 a 2023, sannan a 2025 ya mayar da la'adar tasa mai hawa da sauka har zuwa kashi 15. Bayan la'ada kuma, a Upwork sai mutum ya sayi wasu tikiti da ake kira Connects, sent 15 kowane ɗaya, kafin ya iya yin tayi a kan aiki. Ko an ba shi aikin ko ba a ba shi ba, galibi tikitin ya tafi. Tsarin ya yi kama da bakin titin da leburori ke taruwa da sassafe: mota ɗaya ta tsaya, mutum hamsin su yi mata caa, wanda ya fi karya farashi shi ake ɗauka. Bambancin kawai, a nan sai ka biya kuɗin tsayuwa.

A ɗauki misali a yi lissafi. Wani kamfani ya sa aikin rubuta kalma 1,000 a kan dala 30. Marubuci ya yi tayi goma kafin ya dace da wannan, a ce kowane tayi ya ci masa dala 1, goma ta tafi. Dandali ya cire kashi 10, dala 3. Saura dala 17. Ya ɓata awa biyu yana duba tallan aiki da rubuta tayi, awa biyu bincike, awa uku rubutu, awa ɗaya gyaran da mai aiki ya dawo da shi. Awa takwas a kan dala 17, wato dala biyu da 'yan kai kowace awa, kuma ba a cire kuɗin data ba, ba a cire na man janareto ko na caji ba, ba a cire abin da za a yanka wajen fito da kuɗin ba. Dala 30 da ya gani a allo ta zama wani abu dabam a aljihu.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta auna wannan a rahotonta na 2021. Ta gano cewa a irin waɗannan dandali, kowace awa ɗaya ta aikin da ake biya tana tafe da kusan minti 23 na aikin da ba a biya, kamar neman aiki da gyara shafin kai. Ta kuma gano cewa ma'aikatan ƙasashe masu tasowa suna samun kuɗin da ya gaza na takwarorinsu na ƙasashe masu arziki da kashi 60 cikin 100, ko da aikin iri ɗaya ne.

Ga ɗan Najeriya akwai wani tarko na daban, wato canji. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000, bai kai dala 50 ba a wannan farashi. Saboda haka idan aka ce wa matashi dala 10, kansa na buga lissafi da naira, sai ya ga ya yi ciniki. Mai ba da aikin ya san da haka sarai. Akwai kuma dillalan gida, waɗanda ke karɓo aiki da dala su rarraba wa ƙanana a zaurukan WhatsApp a kan 'yan nairori kowace kalma. Ba laifi ba ne mutum ya fara koyo a hannunsu, amma wanda ya shekara biyu a nan bai san ko sunan kamfanin da yake yi wa rubutu ba, ƙwadago yake yi wa wani.

Rubutu mai arha kuma ba ya da tsawon rai, tarihi ya nuna haka sau biyu. Kamfanin Demand Media, mai shafin eHow, ya gina dukiya a kan biyan marubuta kimanin dala 15 kowace maƙala, ana zubo dubbai a rana don kawai su fito a binciken Google. Ya shiga kasuwar hannun jari a Janairun 2011 da darajar da ta haura dala biliyan 1. Wata ɗaya bayan nan Google ya fito da sabon tsarin tace shafuka mai suna Panda, wanda ya dinga tura irin wannan rubutu can ƙasa, kasuwar ta fara zubewa. Karo na biyu ya zo ne ranar 30 ga Nuwamban 2022, da fitowar ChatGPT. Masu bincike uku, Xiang Hui da Oren Reshef da Luofeng Zhou, sun bi diddigin marubutan Upwork a watannin da suka biyo baya, suka ga yawan aikin da suke samu ya ragu da kashi 2, kuɗin shigarsu na wata kuma da kashi 5.2. Abin da ya fi ba da mamaki a binciken, waɗanda suke da kyakkyawar shaida daga masu ba da aiki ma ba su tsira ba. Duk rubutun da ya tsaya a tattaro abin da ke intanet a sake jera shi, yanzu ƙirƙirarriyar basira na yin sa cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ba ta neman kuɗin data.

To ina ake biya da mutunci? Mafi yawa a wajen waɗannan dandali, inda marubuci ke magana da edita kai tsaye. A 2012 marubuciya Manjula Martin ta buɗe Who Pays Writers, inda marubuta ke bayyana, ba tare da sa suna ba, nawa wata jarida ta biya su da kuma tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta biya. Wanda ya duba irin wannan taska zai ga tazarar da ke tsakani: akwai masu biyan sent kaɗan kowace kalma, akwai manyan mujallu masu biyan dala guda. Ƙungiyar marubutan ƙagaggun labaran kimiyya ta Amurka, SFWA, ta tsayar da sent 8 kowace kalma a 2019 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a kira biyan ƙwararru. A wannan ma'auni kalma 1,000 dala 80 ce, kuma wannan shi ne ƙasan farashi. Reshen Landan na ƙungiyar 'yan jaridar Birtaniya shi ma yana wallafa jadawalin farashi ga mambobinsa masu zaman kansu. Amfanin waɗannan alƙaluma shi ne mutum ya shiga ciniki ya san abin da ake sayarwa a kasuwa.

Kafofi irin su Al Jazeera da Rest of World da The New Humanitarian da Mongabay da African Arguments suna karɓar labarai daga marubuta masu zaman kansu a Afirka. Abin da suke saye shi ne abin da editan da ke zaune a Doha ko New York ba zai iya samu daga teburinsa ba. Wasiƙar da ke cewa "ni marubuci ne, ina iya rubutu a kan komai" ba ta samun amsa. Wadda ake amsawa gajera ce, sakin layi uku ko huɗu: ga labarin, misali yadda masu sana'ar POS a wata kasuwar hatsi suka koma bankin 'yan ƙauye lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ga mutanen da zan yi hira da su da kuma yadda zan kai gare su, ga dalilin da ya sa ya dace a buga shi yanzu, ga rubutuna biyu da aka taɓa bugawa. Sai tambaya ta ƙarshe, wadda kunya kan hana sababbin shiga yi: nawa kuke biya, kuma yaushe? Edita na gari ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya ji haushinta ya riga ya ba da amsa.

Harshen Hausa ma jari ne a wannan kasuwa. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma kamfanonin fassara da ƙungiyoyin agaji masu aiki a arewa maso gabashin Najeriya suna neman masu fassara da masu rubuta saƙonnin wayar da kai. Masu gogayya a nan ba su kai na Turanci yawa ba. Shafin ProZ, dandalin mafassara tun 1999, yana da wani allo da mafassara ke ba kamfanoni maki gwargwadon yadda suke cika alkawarin biya, kuma duba shi kafin a karɓi aiki ya fi kuka bayan an gama. Sai dai a lura, kamfanoni da yawa yanzu injin suke ba wa fassarar, su kawo wa mutum gyara a kan ragin farashi, alhali gyaran gurguwar Hausar inji wani lokaci ya fi fassara daga tushe cin lokaci.

Akwai wani aiki da ke yawo wanda ya kamata a ambata a wuce: rubuta wa ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka aikin makaranta. Ya yi ƙarfi ƙwarai a Kenya. Ostireliya ta haramta sana'ar a 2020, Ingila a 2022. Ban da haramci, mai yin sa ba zai taɓa nuna wa wani edita ko shafi ɗaya ya ce nawa ne ba, shekarunsa sun tafi a sunan wasu.

'Yan damfara kuwa salonsu bai cika canzawa ba. Wani zai nemi "gwaji" na kalma 1,500 kyauta daga mutum talatin, ya haɗa littafinsa ya ɓace. Wani zai ce a biya kuɗin rajista ko na horo kafin a fara aiki. Wani zai ja mutum daga dandali zuwa Telegram, inda babu ajiyar kuɗi a hannun amintacce, domin abu ɗaya mai kyau da Upwork ke yi shi ne riƙe kuɗin jinga kafin a soma aiki, a saki bayan an gama. Masu hayar asusun wani Bature ko ɓoye ƙasarsu don su samu farashi mai tsoka su ma suna wasa da wuta: ranar da aka gano, asusun ake rufewa, sau da yawa da kuɗin a ciki.

Ko babban suna ba ya hana cin haƙƙi. Mujallar Ebony, wadda baƙaƙen Amurka ke ji da ita tun 1945, ta riƙe wa marubutanta kuɗi har sai da ƙungiyar marubuta ta National Writers Union ta kai ta kotu, aka sasanta a 2018 a kan za ta biya kimanin dala 80,000 ga mutum 45. Birnin New York ya fara aiki da wata doka a 2017 cewa duk aikin da ya kai dala 800 sai an rubuta yarjejeniya, idan ba a sa rana ba a biya cikin kwana 30, wanda ya ƙi kuma a ninka masa. Marubucin da ke Zariya da wuya ya iya bin haƙƙinsa har can, don haka kariyarsa tana cikin abin da ya nema tun farko: a rubuce, ko da a imel ne, yawan kalmomi, farashi, ranar biya, sau nawa za a dawo da gyara, da abin da za a ba shi idan an fasa bugawa bayan ya gama. Idan sabon mai ba da aiki ne kuma aikin babba, rabin kuɗi kafin alƙalami ba rashin kunya ba ne.

Saura yadda kuɗin zai iso gida. Fiverr na riƙe kuɗi kwana 14 bayan kammala aiki kafin a iya taɓa shi. PayPal ya shigo Najeriya a 2014, amma ya yi shekaru da dama yana barin mutum ya tura kuɗi ban da karɓa, abin da ya sa marubuta suka rungumi Payoneer da manhajoji irin su Grey da Geegpay masu ba da lambar asusun dala. Kowannensu yana da nasa kaso da nasa farashin canji, kuma bambancin naira 30 a kowace dala kuɗi ne idan ana maganar dala 500. Idan kamfani hanya ɗaya tak yake biya da ita, gara a ji tun kafin a rubuta layin farko, a kuma tambaya ko sashen kuɗinsu zai iya turowa kai tsaye zuwa asusun dala na banki. Wasu na yarda, sai dai bankunan da kuɗin ke bi ta cikinsu su ma suna yankar nasu kafin ya sauka.