Maganar Daidaito a Jawaban Mutanen Amurka

Duk wanda ya karanta jawaban manyan mutanen Amurka zai ga akwai magana guda da su ke yawan komawa gare ta, watau cewa daidai aka halicci mutane duka. Asalinta kuwa takardar nan ce ta 1776, wadda suka rubuta sa'ad da suka fita daga hannun Ingila. Abin mamaki, Thomas Jefferson da ya tsara ta shi kansa ya mallaki bayi ɗaruruwa. Amma magana zarar bunu ce. Da ta fita, sai waɗanda aka bari a baya suka riƙe ta kamar takardar bashi.

Cikin 1852 Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya yi jawabin bikin 'yancin ƙasa a garin Rochester. Ya yabi kakannin ƙasar tukuna, sa'an nan ya tambayi jama'a mene ne rabon bawa a wannan biki.

Wanda ya fi kowa gwaninta da ita, a ganina, shi ne Shugaba Abraham Lincoln. Ran 19 ga Nuwamba 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka taru a Gettysburg don keɓe maƙabartar sojojin da suka mutu a can. Edward Everett ya yi wajen sa'a 2 yana magana. Lincoln kuwa minti 2 ko 3 kaɗai ya yi, amma nasa a ke tunawa. To, ku lura da lissafin da ya fara da shi. Ya ce shekara 87 ke nan da kafa ƙasar, watau ya ƙirga daga 1776. Bai ƙirga daga 1787 ba, shekarar da aka rubuta tsarin mulki, domin tsarin nan ya ƙyale bauta, har ya lissafa bayi 5 a matsayin mutum 3 wajen rabon kujerun majalisa. Da wannan ɗan lissafi ya nuna wa masu sauraro cewa alkawarin daidaito ya girmi dokar da ta saɓa masa, shi kuma a ke yaƙi a kai. Aka hana bauta a ƙasar duka cikin 1865.

Duk da haka bashin bai biyu ba. Mata ba su sami ikon zaɓe a dukan ƙasar ba sai 1920, baƙaƙen fata na kudu kuwa aka yi ta tare musu hanya da dabaru iri iri. Saboda haka ran 28 ga Agusta 1963 Martin Luther King ya tsaya gaban ginin tunawa da Lincoln a Washington, gaban mutum wajen 250,000, ya kwatanta alkawarin 1776 da cakin banki wanda aka kai, aka ce ba kuɗi. Cikin 1964 aka yi dokar hana wariya a wuraren jama'a, ta kare haƙƙin zaɓe kuma ta biyo baya cikin 1965.