Ikon Allah da Zaɓin Ɗan Adam a Addinin Kirista

A watan Fabrairu na 2000, da kuma watan Nuwamba na 2002, tarzoma ta ɓarke a birnin Kaduna, aka yi asarar rayuka masu yawa. Bayan da ƙura ta lafa, Kirista da dama suka bar unguwannin arewacin kogi suka koma kudu, Musulmi kuma suka yiwo arewa. Duk da haka manyan majami'u na nan a arewacin: ta St. Joseph ta Katolika, da ta St. Michael ta Angilikan, da hedkwatar HEKAN a Hanyar Katsina. A gidajen makoki na waɗancan kwanaki, kalmar da ta fi yawa a bakin masu ta'aziyya ita ce, haka Allah ya so. To, idan Allah ne ya so, ina laifin wanda ya ɗauki adda? Idan kuwa mutum ne ya zaɓa, ina ikon Allah?

Wannan tambaya tsohuwa ce, kuma a Afirka ta Arewa aka fara kai ruwa rana a kanta. Wani malami mai suna Felajiyus ya koyar da cewa mutum na iya bin umarnin Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin, bishop na garin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya musa. A ganinsa zunubi ya raunana nufin ɗan Adam, har ba ya iya juyowa ga Allah sai alherin Allah ya riga ya taɓa shi. Taron Kartaj na 418 ya goyi bayan Agustin.

Bayan shekara dubu da ɗoriya gardamar ta sake tashi a Turai. Erasmus ya kare 'yancin zaɓi a 1524, Martin Luta ya mayar masa da martani a 1525. Yohanna Kalbin na Janeba ya koyar da cewa tun fil azal Allah ya zaɓi waɗanda zai ceta. Yakubu Arminiyus na ƙasar Holan ya ce alherin na kowa ne, amma mutum na iya ƙin karɓa. Taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya ƙi ra'ayinsa, sai dai daga baya John Wesley ya raya shi a cikin ɗariƙar Metodis. Katolika kuwa, a taron Tirent na 1547, suka tsaya a kan cewa alheri ne ke fara aiki, mutum kuma yana amsawa da yardarsa.

Mai nazarin ilmin tauhidi na Musulunci ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin irin wannan saɓani ne ya shiga tsakanin Jabariyya da Mu'utazila, har Imam Ash'ari ya zo da bayanin kasabi, watau Allah ke halittar aiki, bawa kuma ke ɗaukar alhakinsa.

Abin lura shi ne, saɓanin malaman Kirista a kan hanyar samun ceto yake. Babu ɗaya daga cikinsu, har Kalbin, da ya yarda a jingina wa Allah mugun aiki. Dukkansu sukan kafa hujja da labarin Yusufu a Littafin Farawa. 'Yan'uwansa sun sayar da shi saboda hassada, Allah kuma ya bi ta wannan mugunta ya ceci jama'a daga yunwa. Kyakkyawan ƙarshen bai wanke su ba, shi ya sa suka nemi gafara.

A Kaduna an ga wannan a aikace. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da wasu danginsa. Kowannensu na da dalilin ɗaukar fansa, amma suka haɗu a 1995 suka zaɓi aikin sulhu. Suna cikin waɗanda suka shirya yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addinan biyu suka sa wa hannu ran 22 ga Agusta, 2002. Wata uku bayan haka aka sake yin tarzoma, domin akwai waɗanda suka zaɓi wata hanya dabam.

Saboda haka, a koyarwar Kirista, kalmar haka Allah ya so ta dace da bakin wanda aka yi wa rashi, don ta ba shi haƙuri. Ba ta dace da bakin wanda ya kunna wuta ba, ko na ma'aikacin da aka kawo wa rahoto ya ajiye shi a aljihun tebur.